Daga Abena: Buhun sukarin da na shanye a finjali

A fitowar da ta wuce na yi alkawarin za mu tattauna kuɗin dakon kaya tsakanin Kuseri da N'Djamena ta gadar Ngeli. Ku yi mini afuwa, na ɗage wannan zuwa gaba, don wani abu ya taso da ya fi kuɗin dako nauyi.

Ranar Talatar da ta wuce wani saurayi ya shigo rumfata a kasuwar Dembe, tsaf-tsaf da shi, da jaka a kafaɗa. Na zaci shadda zai saya. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya zuge jaka ya jera mini kwalabe uku a kan bandir ɗin atamfa. Ya ce, "Baba, wannan yana wanke hanta tas cikin kwana 30, wannan yana narkar da tumbi, wannan kuma na sukari ne. In kika, au, in ka zama wakilinmu a layin nan, kana da kaso a kowace kwalba." Har bakinsa na harɗewa don sauri, da gani haddace maganar ya yi. Na yi dariya na ce, "Yaro, zauna ka sha ruwa. Irin kwalbar nan taka ina da ita a gida, fiye da rabinta na nan, na ajiye ta ne don ta riƙa tuna mini wautata." Da ya tafi sai na ce a raina, yaron nan ba zai bar layin nan ba sai ya sayar wa mutum biyar. Don haka bari in ba ku labarin tawa kwalbar.

Bara waccan muka yi rashin maƙwabcin rumfata, Allah ya jiƙansa. Shekara 18 muna zaune kafaɗa da kafaɗa, butar shayinmu ɗaya. Mutum ne mai jiki, mai fara'a, yana da ciwon sukari amma ya raina shi. A watanninsa na ƙarshe sai muka ga hannuwansa na ramewa, ciki kuma na kumbura, idanu sun yi ruwan ɗorawa. Wasu suka ce shawara ce, wasu suka ce sammu ne. Ba jiƙon da bai sha ba. Da aka kai shi asibiti, likitoci suka ce hantarsa ta riga ta ƙeƙashe. Aka bincika ciwon hanta nau'in B da C, babu. Giya kuwa, na shaida ko warinta bai sani ba. Suka ce kitse ne ya daɗe yana cin ta a ɓoye. Ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, da bashin kaya a Kantin Kwari da sai da muka yi karo-karo aka biya.

Bayan sadakar bakwai Hajiya ta tsare ni. Ta ce, "Alhaji, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Shayinku ɗaya, abincinku ɗaya, tumbinku ma kusan ɗaya. Ka je a duba ka." Na yi ta ja, yau da gobe, har wata biyu. Ranar da na sunkuya ɗaure igiyar dila na ji numfashina na neman ɗaukewa, ranar na miƙa wuya.

A wani ɗan asibiti aka ɗebi jinina, aka shafa mini wani abu mai sanyi a ciki aka yi hoto, wanda a nan ake ce wa ekografi. Takardar da Faransanci aka rubuta ta, 'yata da ke karatun aikin jinya ce ta raka ni tana fassara mini. Likitan, matashi ne sa'ar ƙanena na uku, ya ce, "Alhaji, hantarka ta tara kitse." Na ce, "Likita, ni ban taɓa shan giya ba, kuma nama mai kitse ba ya gabana." Ya yi murmushi ya ce, "Na yarda. Finjali nawa na shayi kake sha a rana?"

Nan na yi shiru. Duk wanda ya zauna a Chadi ya san shayi a nan ba abin sha ba ne kawai, shi ne gaisuwa, shi ne ciniki, shi ne sulhu. Ja da safe, kore da rana, kowane da sukari har sai ya yi danƙo a leɓe. Baƙo ya zo a sha, dillali ya zo a sha, an yi ciniki a sha, ciniki ya watse a sha a huce. Na ƙirga a yatsu na ce takwas, wata rana goma.

Da na koma gida na ɗauko littafin lissafin rumfa, na yi wa kaina abin da nake yi wa kaya. Finjali 8, kowane aƙalla ƙaramin cokali 2 na sukari, cokali 16 ke nan. Lemon kwalba guda bayan azahar saboda zafin garin nan, gwangwani mai santilita 33 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, wato kusan cokali 9. Jimla cokali 25, kowane cokali kamar giram 4, giram 100 ke nan a rana. A wata kilo 3. A shekara kilo 36 da ɗoriya. Jama'a, saura kaɗan in shanye buhu mai kilo 50 ni kaɗai a shekara, ban sa madarar gwangwani da fanken safe a lissafi ba, ban sa karkanji ba, wato zoɓon mutanen nan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2015 ta ba da shawarar sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, in da hali ma a sauko ƙasa da kashi 5, wato kamar giram 25, cokali 6. Ni ina ninka wannan sau huɗu.

To wai ina ruwan sukari da kitse? Nan ne yawancinmu muke ɓata. Mun ɗauka sai ka ci kitse kake yin kitse. Ku tuna yadda muke kiwon ragon layya. Wa ya taɓa ba rago man shanu? Turke shi ake yi wuri ɗaya, a riƙa tura masa dusa da hatsi da ƙowar wake, wata uku ka ga ya yi mulmul. Faransawa ma suna da wani abinci mai tsada da suke yi da hantar agwagwa da dinya, kuma masara suke ɗura wa tsuntsun har hantarsa ta kumbura da kitse. Masara fa, ba mai ba. To ɗan kasuwar da ke zaune kan benci daga bakwai na safe zuwa magariba, ana kawo masa burodi da shayi, da shinkafa da taliya, da lemo, ya hau kilando har ƙofar gida, a ajiye masa malmalar tuwo uku ya ci ya kwanta, mene ne bambancinsa da ragon turke? Igiya ce kawai ba a gani.

Ga yadda aka fahimtar da ni. Hanta tana ɓangaren dama ƙarƙashin haƙarƙari, nauyinta kamar kilo ɗaya da rabi, kuma ita ce sito na jiki. Abin da hanji ya tsotsa daga abinci ta wurinta yake fara bi, ta tace, ta ajiye, ta raba. Sukarin da muke zubawa a shayi gida biyu ne, gulukos da furuktos. Gulukos duk jiki na amfani da shi, musamman tsoka in tana aiki. Furuktos kuwa yawancinsa hanta ce ke fama da shi, in ya yi mata yawa sai ta mayar da shi kitse. Farar shinkafa da fulawa su ma gulukos suke komawa da sauri, in tsoka ba ta ƙone shi ba rarar ta koma kitse. Kaya na shigowa sito kullum, ba a fitarwa. In kitsen ya wuce kashi 5 cikin 100 na hanta, shi ne likitoci ke ce wa kitsen hanta.

Kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yana da 'yan rakiya: tumbi, hawan jini, kitse a cikin jini, da jikin da ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka. Daga nan sai ciwon sukari. Shi ya sa a 2023 manyan ƙungiyoyin likitocin hanta na duniya suka canja wa ciwon suna. Da ana kiransa kitsen hantar da ba na giya ba, yanzu sun ɗaura sunan a kan lalacewar yadda jiki ke sarrafa abinci, don nan ne tushen yake. Ƙididdigar masana ta nuna wajen mutum 3 cikin manya 10 a duniya suna da shi, a cikin masu ciwon sukari na manya kuwa fiye da rabi. Har siraran mutane na iya samunsa.

Ba na son in tsorata kowa. Yawancin masu kitsen hanta ba za su kai inda maƙwabcina ya kai ba. Amma a wasu kitsen kan jawo kumburi, kumburin ya bar tabo, tabo ya yi ta taruwa shekara da shekaru har hanta ta ƙeƙashe, wani lokaci ya zama daji. Kuma duk wannan a shiru yake tafiya, hanta ba ta da ƙorafi. Abin da ya fi kashe masu wannan ciwon ma ba hantar ba ce, ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki. Kitsen hanta kamar tsagewar bango ce, tana gaya maka harsashin gidan gaba ɗaya na son dubawa.

Likita ya ce mini in rage nauyi, in bar sukari, in riƙa tafiya. Na fito ina jin haushi. Na biya kuɗin gwaji, na biya na hoto, a ce ba ko ƙwaya ɗaya? Mu 'yan kasuwa muna da wata cuta: mun saba komai yana da farashi. Kaya ya maƙale a boda, a biya. Mota ta lalace, a biya. Sai muka ɗauka lafiya ma haka take. Cikin mako guda wani ya haɗa ni da mai sayar da ƙwayoyin "wankin hanta", wai daga ƙasar waje, kwalba sefa 25,000. Na biya ban ko taya ba, ni da nake ja-in-ja da mai tumatir a kan sefa 50. Na ci gaba da shan shayina takwas, ina kora ƙwaya biyu safe da yamma, hankalina kwance wai ina kan magani.

Bayan sati uku na fara jin tashin zuciya da kasala, fitsari ya yi duhu. 'Yata ta ɗauki kwalbar ta karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, ta ce, "Baba, don Allah ka tsaya da wannan, gobe mu koma asibiti." Aka sake gwajin jini, alƙaluman hanta sun fi na farko hawa. Likitan bai yi mini faɗa ba, ya dai ce, "Alhaji, ka ɗora wa jakin da ya gaji ƙarin kaya." Na daina sha, bayan 'yan makonni alƙaluman suka sauko. Allah ya rufa asiri.

Tun daga nan na sa kaina karatu, 'yata na taya ni da abin da ya fi ƙarfina. Ga abin da na tsinta game da waɗannan ƙwayoyi na ƙarin gina jiki, don ku san inda za ku sa kuɗinku.

Abin da ke cikin kwalbata, garin koren shayi ne da aka tace aka dunƙule, da kurkum, da masoro. Za ka ce ai duk abin kicin ne. Haka ne, amma abin da ke cikin tukunya daban, wanda aka tattara ƙarfinsa a ƙwaya daban. A 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce shan koren shayi yadda aka saba ba shi da matsala ga yawancin mutane, amma ƙwayoyinsa, in sinadarin da ke ciki ya kai miligiram 800 a rana, ana ganin alamun rauni a hanta. A 2019 a Italiya an samu mutane da dama da hantarsu ta kumbura bayan shan ƙwayoyin kurkum, kuma masoron da ake haɗawa da shi yana sa jiki ya tsotse shi fiye da ƙima. A Amurka, inda ake bin diddigin irin wannan, kusan ɗaya cikin biyar na raunin hanta da magani ke jawowa daga magungunan ganye ne da ƙwayoyin gina jiki. Can ma ke nan da ake da masu sa ido. Ina ga namu da ke yawo a jaka cikin rana, ba a san wanda ya haɗa ba?

Bitamin E shi ne wanda ya fi samun shaida. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2010, an ba masu kumburin hanta marasa ciwon sukari awo 800 kullum na kusan shekara biyu, 43 cikin 100 suka samu sauƙi, a waɗanda aka ba ƙwayar banza kuwa 19 cikin 100. To amma a 2011 wani bincike a kan maza fiye da 35,000 ya nuna masu shan bitamin E kullum sun fi kamuwa da dajin furostet, 'yar ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da kashi 17 cikin 100. Kun ga ke nan ba abin da za ka saya a kemis don ka ji labari ba ne, likita ne zai auna riba da hasara. Man kifi na ƙwaya yana rage wani nau'in kitse a jini, amma ba a tabbatar yana warkar da kumburi ko tabon hanta ba. Sauran da ake tallatawa da sunan wanke hanta, shaidarsu ba ta taka kara ta karya ba. Hanta ba tukunya ba ce balle a wanke ta, ita ce ma mai wankin. Magani na asibiti na farko da aka amince da shi musamman don wannan ciwo sai a watan Maris na 2024 ya fito a Amurka, sunansa resmetirom, na waɗanda tabo ya riga ya kama ne, kuɗinsa ba na talaka ba ne, kuma shi ma tare da gyaran abinci da motsa jiki ake ba da shi.

Wani abin dariya kuma, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ake kawo mana daga waje da tsada, sifirulina, asalinta a ƙofar gidanmu take. Ita ce dihe, koren abin nan da matan Kanembu ke kwasowa daga tafkunan kanwa na yankin Kanem da gefen Tafkin Chadi, su zuba a kan rairayi ya bushe, su yanka shi gutsi-gutsi a kai kasuwa, a yi miya da shi a ci da tuwon gero. A 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi a kasuwar garin nan, lokacin ana kiransa Fort-Lamy, daga nan labarinsa ya bazu a Turai. Abinci ne mai kyau, fiye da rabin nauyin busasshensa sinadarin gina jiki ne, yana kuma da sinadarin ƙarin jini. Hajiya takan jiƙa shi ta tace yashin ta sa a miya. Amma ku riƙe wannan: abinci ne. Gwaje-gwajen da aka yi a kansa game da hanta ƙanana ne, ba su isa a ce magani ba ne. Haka zogale, haka habbatus sauda. Ka ci su a matsayin abinci, Allah ya sa albarka. Amma ba wanda zai goge cokali 25 na sukari.

Abin da aka tabbatar yana aiki, shi ne wanda likita ya faɗa mini kyauta na raina. In mai ƙiba ya rage kashi 5 cikin 100 na nauyinsa, kitsen hanta na raguwa. In ya kai 7 zuwa 10, kumburi na lafawa. Daga 10 zuwa sama har tabo kan ja baya. Ni lokacin kilo 96 nake, wato ana neman in sauke kilo 7 zuwa 10. Ga abin da na yi, ba don na zama malami ba, sai don wani ya ɗauki abin da zai iya.

Shayi ban bar shi ba, don wanda ya ƙi shayin mutane a Chadi ya ƙi mutane. Na sauko daga takwas zuwa uku, na roƙi mai shayinmu ya riƙa zuba mini nawa kafin ya sa sukari. Sati biyu na farko kamar ina shan maɗaci, 'yan layi na yi mini tsiya wai Alhaji ya karye har sukari ya gagare shi. Yanzu in na kurɓi nasu sai in ji kamar zuma aka dama. In baƙo ya matsa, nakan karɓa in kurɓa sau ɗaya in riƙe finjalin a hannu har a gama magana. Lemon kwalba na bar shi gaba ɗaya. Karkanji ana yi mini da citta da kanumfari ba sukari. Da safe nakan sha gahawa baƙa, don masu bincike sun lura masu shan kofi biyu zuwa uku a rana ba su cika samun tabon hanta kamar sauran ba. Mai hawan jini ko bugun zuciya dai ya tambayi likitansa.

Tuwo ma ban bari ba, malmala uku ce ta koma ɗaya, miya ta ƙaru. Kuɓewa, kuka, yakuwa, rama, zogale, ko daraba ta mutanen nan mai ganye da kabewa. Gero da dawa da ba a surfe su har suka yi fari ba sun fi farar shinkafa da taliya riƙe ciki. Wake sau uku a mako. Allah ya hore mana kogin Shari da Lagon, ga karfasa ga tarwaɗa, sai na ce a riƙa gasawa ko a yi farfesu maimakon suya. Da rana in yunwa ta taso, ɗan dunƙulen gyaɗa ko riɗi, da gurji, maimakon fanke. Mangwaro da kankana ina cin su da ɓargonsu, ba a matse ruwan a ƙara sukari ba. Abincin dare kuma na dawo da shi bayan magariba, ba sha ɗaya na dare ba.

Sai tafiya. Ana so babba ya samu aƙalla minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri. Daga gidana a Abena zuwa rumfa kamar minti 40 ne a ƙafa. Nakan fita bayan asuba kafin rana ta buɗe, don a watan Afrilu zafin garin nan kan haura digiri 40, mai fita tafiya da tsakar rana wani ciwon yake nema. Da damina in taɓo ya hana, sai in zagaya layukan kasuwa bayan la'asar. Farko masu kilando na tsayawa suna tambaya ko lafiya. Kuɗin kilandon da na tara a wata shida ya sayi keken ɗan autana.

Azumi ma na gyara. Shekara da shekaru ina fita Ramadan da ƙarin nauyi, saboda abin da ake jerawa a buɗa-baki: kunu da sukari, lemo, soye-soye, sannan tuwo. Bana dabino uku da ruwa, farfesu, a yi salla, sannan a ci abinci daidai.

Bayan wata goma na hau sikelin da muke auna dila: kilo 88. Tef ɗin tela a kan cibiya ya sauko daga santimita 108 zuwa 99. Ban kai ba tukuna, don ana so na namiji ya kasance ƙasa da 94, na mace ƙasa da 80, ko a sauƙaƙe, kada faɗin cikinka ya kai rabin tsawonka. Amma gwajin jini ya dawo daidai, hoton ciki ya nuna kitsen ya ragu, sukarin jinina da ke bakin iyaka ya ja baya. Sannu ba ta hana zuwa.

Hajiyoyi, ga naku. Na san a wurinmu ƙiba ado ce, in amarya ta rame a ce miji ba ya ciyar da ita. Wannan ne ke sa wasu shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu akwai dekisametason a ciki, magani ne mai ƙarfi na asibiti, in aka daɗe ana sha yana kumbura fuska, ya kawo ciwon sukari da hawan jini, ya tara kitse a ciki da hanta. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, hakan ma haɗari ne, ta je likita ya sauke ta a hankali. Yara kuma, lemon leda da biskit da muke sallamarsu da shi kullum, su ma hantarsu na iya tara kitse tun suna makaranta. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma ku lura, maigida ba zai iya wannan gyara shi kaɗai ba, tukunya a hannunku take. Ni da Hajiya ba ta tsaya ba, da tuni na koma ruwa.

Kafin in rufe, abu uku. Na ɗaya, in ka haura 40 kana da tumbi, ko sukari, ko hawan jini, ka je a gwada jinin hanta da sukarin safe kafin ka ci komai, in ya kai giram 1.26 a lita ana zargin ciwon sukari. Ka nemi a yi hoton ciki, don gwajin jini kan fito lafiya alhali kitsen na nan. Ka tambayi likita ya lissafa maka FIB-4, lissafi ne da ake yi da shekarunka da sakamakon jinin da aka riga aka ɗiba, yana nuna ko akwai fargabar tabo. Na biyu, a gwada ciwon hanta nau'in B, don yana da yawa a ƙasashenmu, in ya haɗu da kitse abin ya fi muni. Wanda ba shi da shi ya yi allurar rigakafi, shi da iyalinsa. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna kuma a zubar, gubarsu na jawo dajin hanta, kada araha ta ruɗe mu. Na uku, kada ka kashe kanka da yunwa don ka rame da sauri, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. Mai shan maganin sukari ko allurar insulin ya sanar da likitansa kafin ya rage abinci, kada sukari ya faɗi masa a hanya.

Saurayin nan mai jaka ya sake biyowa ta layinmu ranar Alhamis. Na kira shi na nuna masa takardun gwajina, na farko da na bayan kwalba da na yanzu. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Baba, wallahi ni ma ba ni aka yi in sayar, ban san abin da ke ciki ba." Na ce masa in yana son sana'a ya zo ranar Asabar, ina neman yaron da zai riƙa karɓo mini kaya a Kuseri. Ya ce zai yi shawara.

Wanda ke da tambaya ko nasa labarin ya aiko ta hannun edita kamar yadda aka saba. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu koma kan kuɗin dako. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.